Magaribar Inna

Alkawari ɗaya tak Inna ta sa na ɗauka kafin in tafi karatu ƙasar Turawa. A zauren gidanmu da ke Ƙofar Sauri ta riƙe hannuna ta ce, “Kar magariba ta riske ki a waje.” Na ce to. Dokar da na tashi da ita ce, ban ga abin wahala a ciki ba.

Ashe ƙasar da na nufa, can ƙuryar arewacin duniya, ranarsu ba ta da tarbiyya. Ni da na je binciken yadda ake samun wutar lantarki daga hasken rana, sai na sauka cikin hunturu na tarar babu ranar. Da hantsi take leƙowa, kafin la'asar ta gudu. Faifan solar da nake gwaji a kansa yana kwance a saman bene kamar tiren da aka wanke. Ƙarfe biyu da rabi zan suri jakata in kama hanyar masauki har ina tuntuɓe. Malamina, wani dattijo mai gemu, ya taɓa tambayata ko jariri na bari a ɗaki. Na ce a'a, uwa na bari a Katsina.

Da lokacin zafi ya zo, sai ranar ta biya ni bashin wulaƙancin da ta yi mini, ta ƙi faɗuwa sai wajen ƙarfe sha ɗaya na dare. Abokan karatuna kuwa kullum bayan aiki suna bakin kogi, inda ake kiɗa ana gasa kifi. Na zauna na yi nazari irin na masu bincike. Inna magariba ta ce, ba ta ambaci agogo ba. Na gyara ɗankwalina na bi su. Lemo kawai nake sha, Allah shaida ne. Rawa kuwa, kafaɗata ce ta ɗan motsa, ita ma ba da izinina ba.

Wata ƙawata ta ɗauki bidiyo ta yaɗa. Ban san ta ina ya bi ba, ya dai faɗo wayar Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ko kaza ta yi ƙwai a unguwar Gobarau sai ta riga mai kazar sani.

Na dawo hutu da ɗokina, har na kafa wa Inna fitilar sola a tsakar gida, irin mai kunna kanta in duhu ya fara. Ta sa mini albarka, ta karɓi fasfona wai za ta adana. Sai da komawa ta matso na tambaye ta, ta ce, “Ba inda za ki.”

Saura shekara guda in gama.

Bayan la'asar aka zaunar da ni. Gwaggo ta kunna bidiyon, ga ni nan da kofin lemo, kafaɗa tana cin amanata.

“Gwaggo, ki dubi sama a hoton,” na ce. “Ga rana nan tsaye.”

“Ƙarfe nawa ne?”

“Goma da wani abu.”

“Na dare?”

“Na agogo dai. Dare bai yi ba.”

Gwaggo ta tafa hannu. “Ɗiyar nan, ni za ki yi wa boko? Na je Makka, can ma ƙasar waje ce, kuma rana kan lokacinta take faɗuwa.”

Raina ya ɓaci. Na ɗauko lemon tsami da tocila na shiga bayanin yadda duniya ta karkata. Gwaggo ta karɓe lemon ta ce dama tana nema, ta sa mayafinta ta tafi.

Can aka fara kiran sallar magariba. Fitilar ta kama da kanta. Inna ta daɗe tana kallonta.

“Na yarda ba ki yi ƙarya ba,” ta ce. “Amma ni mi ya haɗa ni da ranarsu? Tun da kika tafi, in an kira magariba sai in ce yanzu ta shiga ɗaki, sannan tuwo ya wuce mini. Ashe ni kaɗai nake shiga da ke.”

Kuka na yi, mai majina.

Bayan salla ta buɗe wata tsohuwar kwalla ta ciro fasfon, yana ƙamshin daddawa. “In fitilar nan taki ta kama, in ji muryarki. Ko kina ina.”

Haka muke yi har yau. Rannan, bayan na koma, lokacin magaribar Katsina ya riske ni a bakin kogi, na ruga bayan wata bishiya na kira ta, na toshe kunne ɗaya, amma gangar Turawa ba ta da sirri.

“Wa ke daka a gidan naku?” in ji Inna.

“Maƙwabta ne, Inna.”

“To, ki gaishe su. Ki bar kafaɗar nan ta huta.” Sai na ji ta jawo kwanon tuwonta.