Ranar da Baba Sale Ya Ajiye Takalmansa

Duk wanda ya zauna da mu a gidan hayar nan na unguwar Mansura a Doha ya san Baba Sale da ledarsa. Baƙar leda ce, kullum a ninke cikin aljihun kakinsa na gadi. Da ya isa ƙofar masallaci sai ya zare takalmansa, ya karkaɗe, ya zura a leda, ya maƙale a hammata, ya shiga sahu da su. Wai tun yana ango aka ɗauke masa sababbin takalma a wani masallaci a Funtuwa, ya tafi gaisuwar surukai ƙafa a ƙasa. Shekara talatin da ɗoriya, bai huce ba.

Na taɓa ce masa, "Baba, nan fa Doha ce. Mutum na barin mota a kunne ya shiga sallah, ya fito ya tarar da abarsa."

"Kai Nura, ɓarawo ma yana sallah," in ji shi. "Sahun baya yake so, kusa da ƙofa."

Takalman kuwa, wayyo! Wasu sau-ciki ne da suka sha faci har ba a gane ainihin fatar. Mai gyaran takalman bayan tashar jirgin ƙasa ta metro da kansa ya roƙe shi ya bar su su huta. Da aka buɗe masallatai bayan kullen korona, aka ce kowa ya zo da dardumarsa, Baba har da murna: "Yauwa! Sai yanzu duniya ta gane karatuna. Kowa ya riƙe kayansa!"

Mutum ɗaya tak ya taɓa miƙa wa ledar nan. Pasang ne, ɗan ƙasar Nepal, mabiyin addinin Buddha, abokin gadinsa da ke kwana a gadon sama da nasa. Da korona ta kama Baba duk muka ja baya, har da ni, ba zan ɓoye ba. Pasang ne ya dafa masa shinkafa da miyar wake, kuma shi ya karɓi ledar ranar da motar asibiti ta zo. Baba ya dawo ya tarar da takalmansa a goge. Bayan wata biyu cutar ta kama Pasang, shi bai dawo ba.

Kullum maganar Pasang ɗaya ce: in an gama gasar ƙwallon duniya zai kai tsohuwarsa Lumbini, garin da suka ce a nan aka haifi Buddha. Ba ta taɓa zuwa ba, ga ƙafa ta ƙi. Da ya rasu sai Baba ya ce, "A ɗakina aka yi alkawarin nan, da kunnena na ji. Ya zama nawa."

Saboda haka ya dinga karɓar ƙarin aiki a filin wasa na Thumama don tara kuɗin tafiya. Can ma sai da aka yi. Shugaban masu gadi ya ce ma'aikaci ba ya shiga da leda, Baba ya ce to. Sai ga shi ya nufi ɗakin sallah ƙirji a kumbure, takalma cikin riga.

"Mene ne wannan, Sale?"

"Ka ce ban da leda. Ina ledar? Khalas, shi ke nan!"

Da hutunsa ya zo, maimakon Funtuwa sai ya ja ni Nepal, wai ina jin Turanci. Muka haɗu da tsohuwar a kan keken guragu, da 'yarta Dolma, a Katmandu. Inna yake kiranta. Ya saya musu tikitin jirgi ita da 'yar. Mu kuwa bas, awa goma kan duwatsu, hanjina kamar zai fito. Na ce, "Baba, jirgin fa bai kai awa ɗaya ba." Ya ce, "To in ka isa da wuri me za ka yi?"

Lumbini gari ne shiru, shimfiɗaɗɗe, da gonaki kewaye. Ga masu ibada cikin mayafai ja da ruwan ɗorawa, ga ƙyallaye kala-kala rataye a wata ƙatuwar bishiya, ga wani farin gini a tsakiya kusa da tafki, wai a nan ne ainihin wurin haihuwar Buddha. Har masallaci muka samu a gefen gari, Baba ya shiga da ledarsa. Amma a ƙofar lambun da farin ginin yake, Baba ya zura takalmansa a leda ke nan sai mai gadi ya tare mu. Takalmi ba ya shiga, ko a ƙafa ko a leda. Ga kanta can, kowa na ajiye nasa.

Baba ya dubi kantar, ya dubi mai gadin sama da ƙasa. "Nura, tambaye shi shekararsa nawa a aikin nan. Yana ba da lamba? In ya tafi cin abinci wa ke tsayawa?"

Mai gadin dai dariya kawai yake yi. Na ce, "Baba, kawo in riƙe maka a nan waje."

"Kai da ka ɓatar da cajarka sau uku?"

"To ka tsaya, ni in tura keken Inna."

Tsohuwar na kan kekenta, ta ƙura wa farin ginin ido, bakinta na motsi, hawaye na bin kuncinta. Baba ya jima yana kallonta. Sai na ga ya zare ledar daga hammata, ya fitar da takalman, ya ɗora su kan kanta cikin na jama'a.

Ya kama keken da hannu biyu. Daɓen ya ɗauki zafi, yana turi yana tsalle yana mita: "Ni ba bauta na zo ba, amana na kawo!" A bakin ginin ya tsaya, Dolma ta tallafi uwarta suka shiga. Da suka fito, tsohuwar ta kama hannun rigarsa ta faɗi wata magana. Dolma ta ce, "Wai ɗanta ya cika alkawari." Baba ya juya mana baya, wai rana ce ta shiga idonsa.

Muna komawa ƙofa ya ruga kanta. Ga takalman nan inda ya bar su! Mai gadin ya ce in gaya masa waɗannan ko shekara suka yi ba mai taɓawa. Kuskuren da na yi shi ne fassarawa.

"Me yake nufi? Wato takalmana ba su isa a sata ba?"

Har muka sauka Doha yana faɗa, wai mutanen garin kirki gare su amma ba su san fata mai kyau ba.

Bara ciwon zuciya ya ɗauke shi, ranar hutunsa. Da muka taru sallar jana'iza, na duba sahu sai na ga rabin 'yan gidanmu kowa da leda a hammata, kuma ba wanda ya shirya da wani. Na yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Allah Ya jiƙan Baba Sale, Ya haskaka kabarinsa. Ya riƙe amanar wanda ya riƙe masa tasa. Allah Ya sa ya tarar da duk abin da ya ajiye a can, ko ɗaya bai ɓata ba.