Bayansa Muka Yi Ta Yi wa Magani

Maigidana, Malam, masunci ne, a kan gora yake su. Sai ya kwanta rub da ciki a kan ƙaton gora, yana tura ruwa da ƙafa, komar kamun kifi a hannu. A fadamar Haɗeja duk wanda ya tsufa a wannan sana'a bayansa na ciwo, shi ya sa da nasa ya fara ba wanda ya damu.

Duk ranar kasuwa wanzami zai zo ya kafa masa ƙaho, ya nuna mana baƙin jini ya ce ga ciwon nan ya fito. Ni kuma in dama kunu da jar kanwa, don haka muka ga iyayenmu na yi. Shekara da shekaru muna haka. Daga baya ƙafafunsa suka kumbura, in ya hawo gaɓa sai ya tsaya yana haki. Muka ce ciwon bayan ne ya sauko.

Zamanin Turawa ne, jirgin ƙasa ya riga ya fara ɗaukar bandar kifinmu daga tashar Malam Madori. Wani likita Bature ya zo rangadi, ƙanin Malam ya matsa muka je. Likitan bai ko dubi bayan ba. Wani ƙyalle ya ɗaura masa a damtse, ya hura, ya kasa kunne a ƙirjinsa.

Malam ya ce wa tafinta, "Ɗana, gaya masa baya ne, ba hannu ba."

Tafinta ya ce, "Baba, ya ce jininka ya daɗe da hawa, har ya gajiyar da zuciyarka. Ka bar kanwa, ka rage gishiri, kada ka ƙara hawa gora."

Zuciya? Ban taɓa jin ya ce nan na ciwo ba. Shi kuwa dariya ya yi har gida.

Da ruwa ya janye, Sarkin Ruwa ya buɗe tafki, gari duk ya fita su. Na durƙusa na ce, "Malam, don Allah ka zauna."

"In zauna in taya ki tsince shinkafa? Ɗaure min bayan nan kawai."

Na ɗaure masa da tsohon rawaninsa.

Muna bakin gaɓa da kwanduna, mu mata, sai ga goransa yana tahowa a hankali, shi kwance a kai. Amininsa ya ɗaga murya daga cikin ruwa, "Kai tsoho, barci ka zo yi?" Mutane suka yi dariya. Wayyo, har da ni.

Goran ya daki gaɓa a gabana. Komar na hannunsa. Na kira shi, na taɓa kafaɗarsa, sai ya zame.

Innalillahi. Da yamma ƙaninsa ya miƙo min rawanin, jiƙe, ƙullin da na yi bai ko kwance ba. Allah Ya jiƙan Malam. Har yau ban iya kallon gora a kan ruwa.