Fansar da na ce zan ɗauka

Shekarun baya, ranar Ista, ina tsaye a gaban jama'ar cocinmu a unguwar Highbridge da ke Bronx, zanin gadon mahaifiyata ɗaure a kafaɗa, na ji bakina ya ce, "Yau zan ɗau fansa."

Ba haka aka rubuta ba. Kawuna, dattijo a cocin, shi ya tsara wasan kwaikwayon da muke yi, a kan Kiristocin farko a ƙasar Rum. Ni ne bawan da sojoji suka kashe wa ƙane saboda ya ƙi musun Almasihu. Ɗan kawun shi ne sojan, ya zo ya durƙusa yana neman gafara. Ni kuma in ɗago shi in ce, "Yau na sami fansa, kai ma zo ka samu."

To ni da takarda ba ma ga maciji, tun da na bar makaranta. A kan keke na haddace maganar ina kai wa mutane abinci. A unguwarmu kuwa in an ce fansa, ɗaukarta ake yi.

Wata tsohuwa ta ce, "A'a, ɗan nan." Kawu yana ta yi mini hannu in sauka.

Ban sauka ba. Na shaƙo wuyan rigar sojan, har ya raɗa mini, "Kai, a hankali, rigar haya ce." Na dube shi sosai. Ni ma ina da ƙane. Can na sake shi na ce, "Abin da na zo yi ke nan. Amma wanda ya fanshe ni ya riga ya biya har da taka. Tashi."

Bayan an tashi kawu ya tare ni a bakin ƙofa. "Ka ga abin da rashin karatu ke jawowa? Lahadi mai zuwa za ka tsaya gaban ikilisiya ka ba da haƙuri, in ba haka ba ka gama wasa a nan."

Na ce, "Kawu, an kashe wa mutum ƙane fa. Ko sau ɗaya ba zai ji zafi ba?"

Ya ce waɗancan tsarkaka ne, ba 'yan Bronx ba.

Ban ƙara hawa dandalin wasan ba, kuma mun daɗe da shiryawa, har abinci nake ci a gidansa. Amma ban canja ra'ayi ba. In mutanen nan ba su san fushi ba, me suka yafe? Bisharar da ta taso daga can har ta iso mu, masu zuciya irin tawa ne suka ɗauko ta.

Da na isa gida ranar, na tura masa saƙo:

"Kawu, barka da Ista. Kalmar dai na kuskure, na yarda. Amma haƙurin ba zan bayar ba. Duk wanda za ka sa baɗi, don Allah ka bar shi ya shaƙe sojan tukuna."