Lallen da Na Sa Ana Gobe Basma

Ban iya rubutu ba. Matar ƙanena ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, in kuka ya zo mini ta dakata har ya wuce. Malam ya rasu shekara biyu ke nan, a can Riyad aka binne shi, ni kuma na dawo gida bayan takaba. Mutane suna ganin kukan rashi kaɗai nake yi. Akwai rashin, amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa, shi nake so a rubuta.

A unguwar Gubaira muke zaune, ɗaki biyu a saman wani shagon walda. Malam yana tsaron sito a wata warsha, wato garejin gyaran motoci. Shi ke riƙe da makullan kayan gyara, shi ya san inda kowane ƙarfe yake. Ya fi shekara ashirin a wurin kafin ya samu halin ɗauko ni. A can ƙasar ba ka zama sai da iƙama, katin zama ke nan, kuma tawa a jikin tasa take rataye. In an sabunta masa izinin aiki, an sabunta mini zama. In an ƙi, mu biyu za mu tattara. Wanda ke da ikon sabuntawar shi ne kafili, ubangidan da ya tsaya masa.

Tsohon kafilin mutumin kirki ne, tare suka tsufa da Malam. Da ciwo ya kwantar da shi sai ɗansa ya karɓi warshar. A shekarar da nake magana, iƙamarmu saura wata ɗaya da 'yan kwanaki ta mutu, ɗan bai ce zai sabunta ba, bai ce ba zai sabunta ba. Ya ce Malam ya haura sittin, zai duba. Ana cikin haka wani makulli ya ɓata a sito, aka yini ana nema, aka same shi a aljihun Malam. Ɗan kafilin ya yi dariya a gaban ma'aikata, ya ce tsoho ya fara mantuwa. Malam ya ba ni labarin yana murmushi, amma ranar bai ci tuwonsa ba.

Sai ga saƙo a wayarsa cewa basmata na bukatar a sake ɗauka. Basma ita ce dangwala yatsu a na'ura. In ban yi ba, takardunmu ba za su motsa ba ko da kafili ya yarda. Ɗan kafilin ya ce wa Malam ya fara share abin da ke ɓangarensa, sannan shi ya yanke shawara. Malam ya sa wani ɗalibi ɗan garinmu ya kama mana rana ta waya, aka ba mu Lahadi da safe.

Ya faɗa mini. Ina so a rubuta wannan da kyau. Ranar Juma'a ce, ya dawo daga masallaci, yana cire agogonsa a bakin gado, ni ina kwashe shinkafa.

"Hajiya, jibi za mu je basma. An ce kada a sa lalle a hannu, na'urar ba ta karanta yatsa in da lalle. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

Muna da maƙwabciya, Bakanuwa ce, tana haɗa turaren wuta. Ni Bazazzagiya, don haka kullum muna cikin tsokanar juna, ita ce kuma ta riƙe ni tun zuwana ƙasar. 'Yarta ta haihu, suna ranar Litinin. Ranar Asabar da hantsi aka tara mata a falonta don ƙunshi. An kwaɓa lalle da gishirinsa, an yanka salatif, ɗakin duk ƙanshin gida. Shekarata shida a Riyad, ban taɓa shiga ɗakin da ya yi mini kama da tsakar gidanmu irin wannan ba.

Na ce ƙafa kawai za a yi mini, Malam ya hana hannu saboda basma. Suka yi caa a kaina. Maƙwabciyar ta ce dama Zage-zagi tsoron miji ya gama da su, ta ce in zo sunan jikarta da hannu fari kamar mai takaba in ga ko za ta ba ni waina. Wata ta ce ita da lallenta aka ɗauki yatsanta a filin jirgi, ba abin da ya faru. Ni ma na tuna lokacin katin zaɓe a gida, da jan lalle na dangwala aka ba ni katina. Na ce to a yi hannun hagu. Da aka gama na hagu na dube shi, na dubi na dama, na miƙa shi da kaina. Ba wanda ya riƙe ni. Aka dunƙule mini yatsu goma, aka ɗaure da leda, na zauna har bayan la'asar ana hira. Da aka kwance ya kama baƙi ƙirin, mata suna ta yabawa.

Da Malam ya dawo na riga na ajiye masa abinci na rufe. Na kwanta na ce kaina ke ciwo, hannuwana a cikin zane. Da safe na sa abaya da baƙar safar hannu irin wadda matan can ke sawa, bai ga komai ba.

A ofishin, mata ɓangarensu daban. Ma'aikaciyar yarinya ce mai fara'a, ta yi mini alama in cire safa. Da ta ga hannuna ta ɗan girgiza kai, amma ta gwada. Ta ɗora yatsuna a gilashin, ta danna, ta goge, ta sake. Fitilar ta ƙi yin kore. Ta kira wata mai shara da ke jin Hausa, ta gaya mini in tafi sai lallen ya fita, a sake kama wata rana.

Malam yana waje a inuwar gini yana jirana. Na fito ban mayar da safar ba, don na manta. Ya dubi hannuna ya daɗe.

"Hajiya, ban ce miki kada ki sa ba?"

Na ce, "Ba ka faɗa mini ba, Malam."

Ban shirya maganar ba. Fitowa ta yi kawai, irin yadda yaro ke cewa ba shi ba ne. Na ɗauka zai yi faɗa, in yi kuka, in ba shi haƙuri, a wuce wurin. Bai yi faɗa ba. Ya sa hannu ya shafa aljihunsa, ya shafa ɗayan, kamar mai neman wani abu.

"Ban faɗa ba?"

Na fara mayar da safar a hannuna.

"Na ɗauka ranar Juma'a na faɗa," in ji shi. Sai ya ce mu je mu nemi mota.

Rana ta biyu da aka samu kwana goma ce a gaba. Na ƙudura sai na fitar da lallen kafin nan. Na goga lemun tsami da gishiri. Na goga dutsen goge kaushi. Da na ga baƙin ya koma ja amma bai tafi ba, na zuba ruwan nan mai ƙarfi na wanke banɗaki a roba na tsoma yatsuna, kullum in Malam ya fita aiki. Sunan ma ban je ba. A kwana na shida fata ta fara saɓulewa. Lallen ya tafi, amma ya tafi da zanen yatsun. Kan yatsuna ya zama ja, sumul, ko kofin shayi ba na iya ɗauka.

Haka muka koma. Yarinyar nan ce dai. Ta riƙe hannuna a tafinta tana kallo, ta kira ni uwa da harshensu, ba ta ma ɗora shi a gilashin da ƙarfi ba. Na'ura ta sake ƙi. Mai sharar ta fassara mini cewa in bar hannun ya huta, in riƙa shafa mai, kada in taɓa sabulu, zanen zai dawo da kansa. Saura kwana ashirin iƙama ta mutu.

Na san matan da katinsu ya mutu. Akwai wata a unguwar Ulaisha, shekara uku ba ta taka babban titi ba, in ciwo ya kama ta sai dai a sayo mata magani a kawo. Mu kuma in aka ce mu fita, ba mu da ko ɗaki a gida, kuma maganin hawan jinin Malam ta wurin aikin yake samu. Duk na san wannan ranar da na miƙa hannun dama.

Malam ya sake zuwa neman izinin barin aiki don rana ta uku. Ɗan kafilin ya tambaye shi wace irin basma ce ake zuwa sau uku. Da Malam ya ce matarsa ce ta yi ganganci, da an yi dariyar mata an wuce. Sai ya gaya masa abin da ya ɗauka gaskiya ne, cewa shi ne ya manta bai gargaɗe ni ba. Ɗan ya ce to ga shi nan, abin da yake faɗa ke nan. Ya karɓe makullan sito ya ba wani Ba'indiye, ya ce Malam ya riƙa taya shi kafin a ga yadda za a yi. Ya ƙara da cewa in ranar ta cika basma ba ta fito ba, shi ba zai jira ba, takardar fita zai buga mana.

A kwanakin nan Malam ne ya yi girki. Mutumin da tun aurenmu bai taɓa tuƙa tuwo ba, ya tsaya a kan tukunya ina daga zaune ina gaya masa yadda zai yi. Shi ke wanke kwanuka, shi ke wanke mini kaya. Safe da yamma ya zaunar da ni ya shafa mini man kaɗanya yatsa bayan yatsa, ya ɗaga hannun wajen taga yana duba ko zanen ya fara fitowa. Ya kuma sayi wani ɗan littafi. Duk abin da ya gaya mini sai ya rubuta da ajami, ya karanta mini, ya ce, "Na faɗa ko?" Ko gas ne ya kusa ƙarewa sai ya rubuta. Wata rana na gan shi ya tsaya a ƙofa ya sa takalmi, yana karanta surorin da ya haddace tun yana yaro, a hankali, yana gwada kansa.

Maƙwabciyata ta shigo duba ni wata Juma'a. Malam yana ɗayan ɗakin, suka gaisa ta bayan labule. Ta fara tsokana, wai an ce Bazazzagiya ta samu kuku. Malam ya yi dariya, ya ce ai hakkinta ne yake biya, shi ya jawo mata, da ya gaya mata zancen lallen da duk haka ba ta faru ba.

Maƙwabciyar ta juyo ta dube ni. A falonta na ce Malam ya hana, a gaban mata fiye da goma. Ta jira sai da ya fita sallar la'asar.

"Yaya," ta ce. Ba ta taɓa kirana haka ba, kullum baiwata take cewa. "Ki gaya wa bawan Allahn nan. Kina kallo yana zargin kansa."

Na ce zan gaya masa in an gama basma, kada in ƙara masa damuwa yanzu. Ta ce to. Ta ajiye mini turaren da ta kawo ta tafi, kuma daga ranar tsokana ta ƙare tsakaninmu. Gaisuwa kawai.

Na so in faɗa. Sau biyu ina buɗe baki yana shafa mini mai. Abin da ya hana ni ba tausayinsa ba ne, kada a rubuta haka. Kowace rana da ta wuce ƙaryar tana ƙara girma. Ranar farko lalle ne kawai zan amsa. Yanzu akwai makullansa, akwai littafin, akwai tuwon da ya tuƙa. Na kasa tunanin yadda zai dube ni.

Saura kwana uku muka je na ƙarshe. Yarinyar ta hura wa yatsuna iska, ta ɗora su a hankali. Na dama suka shiga. Na hagu biyu suka ƙi, ta sake, ta sake, ni ina ta salati a zuci. Sai fitilar ta yi kore. Ta tafa mini hannu sau ɗaya. Da na fito na gaya wa Malam, ya jingina da bango ya rufe ido.

Washegari bai ji komai daga ɗan kafilin ba. Ranar da ta biyo, ana gobe kati zai mutu, ya dawo kafin magariba da leda a hannu, ayaba da lemo. An sabunta, shekara ɗaya. Tsohon kafilin ne ya sa baki daga kan gadonsa. Makullan dai ba a mayar masa ba, an bar shi a matsayin mataimaki.

Ya zauna a kan tabarma ya cire hula. Na riga na shirya maganata tun safe, na san ta inda zan fara. Sai ya riga ni.

"Hajiya, Allah ya rufa mana asiri. Saura kaɗan mantuwata ta kore mu daga ƙasar nan, ga hannunki da na sa kika ƙona. Ki yafe mini."

Na dubi ayabar a cikin leda. Aka fara kiran salla a masallacin bayan shagon walda.

Na ce, "Ba komai, Malam."

Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya tashi ya ɗauki buta.