Ashemi da Maganin Ƙaninsa

Duk wanda ya taɓa kai injin markaɗe gyara a unguwar Bukan Sidi ya san Ashemi Mailafiya. Shagonsa rumfar kwano ce a bayan masallacin layinsu, cike da injinan ban ruwa da ƙananan janareta waɗanda masu su suka manta da su. Shekararsa arba'in da shida. Kakanninsa daga Barno suka zo Lafiya, amma Barbarcin da ya rage a bakinsa bai wuce gaisuwa ba.

Shi ne ɗan fari a gidansu. Yana aji huɗu na sakandare mahaifinsu ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, sai ya ajiye littafi ya tafi koyon gyaran inji. Shi ya aurar da ƙannensa mata uku. Autan gidan, Naziru, wanda ya ba tazarar shekara goma sha bakwai, shi ya yi karatun da Ashemi bai samu ba. Noma ya karanta a Shabu, kuma shekara biyar Ashemi na kai shi a bayan mashin. Da ya gama ya samu aiki a wata gonar kaji da kifi.

Mahaifiyarsu, Iya Dijatu, ba ta taɓa kiran sunan Ashemi ba, saboda kunyar ɗan fari. Mai Inji take ce masa. Sunan Naziru kuwa tana iya kiransa sau arba'in kafin azahar. Ashemi bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, sai da Naziru ya kwanta.

Da farkon damina abin ya faro. Naziru ya daina zuwa aiki, ya daina wanka, ya kashe wayarsa ya juya fuska bango. Aka yi rubutu, aka yi addu'a, aka yi gwajin taifot sau biyu. A ƙarshe Ashemi ya ɗora shi a mashin ya kai shi asibiti, likita ya zauna da shi kusan awa guda, ya ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ya ƙara da cewa akwai wani bincike da suke yi a kan sabon maganin wannan ciwo, in Naziru yana so ya shiga. Ya tura su wurin nas ɗin da ke kula da binciken, Sista Ngodoo, wata 'yar Tibi mai faɗin jiki, wadda Hausarta ta kasuwa ce.

Ta yi musu bayani dalla-dalla. Mako goma sha biyu ne. Wasu za a ba su sabon maganin, wasu kuma ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta. Na'ura ce ke yin ƙuri'ar, ita kanta da likita ba su san wa ya samu wanne ba. Duk ranar da mutum ya so fita sai ya fita, babu mai riƙe shi. Naziru ya tafi da takardar gida, bayan kwana uku ya sa hannu.

A zaman farko Naziru ya ce yayansa ya zauna tare da shi. Sista Ngodoo ta buɗe fayil ta fara tambaya.

"A sati biyu da ya wuce, kwana nawa abinci bai maka daɗi?"

"Kullum," in ji Naziru.

"Barci fa? Kana tashi kafin asuba ka kasa komawa?"

"E."

"Abin da kana so da, yanzu kana so?"

Ashemi na zaune a kan benci, hularsa a gwiwa. Bai san lokacin da ya fara amsawa a zuci ba. Kullum. E. A'a. Tambaya tara ta yi, takwas daga ciki amsarsa da ta Naziru ɗaya ce. Shi kusan shekara uku ke nan tuwo da ƙasa duk ɗaya suke a bakinsa. Sau da yawa yakan kwance inji, ya zauna da sifana a hannu yana kallon ƙarafan har a kira la'asar. A da ba ya rasa kallon ƙwallo ranar Asabar, yanzu ko an ci ko ba a ci ba bai dame shi ba. Ya ɗauka girma ne ya kawo haka.

Da Naziru ya gama, Sista Ngodoo ta ajiye biro ta ce, "Sannu, ɗan'uwana. Ka sha wahala."

Wannan sannun ta bi Ashemi har gida.

Daga nan kowace Talata shi ke rufe shago ya kai Naziru. Yakan zauna a baranda, yana jin muryar nas ɗin ta taga, tana tambayar ƙaninsa yadda ya kwana. Tsakiyar mako kuma ta bugo waya ta sake tambaya. A gida, Iya Dijatu ta hana yara buga ƙwallo a tsakar gida. Ta sa aka yanka zakara aka yi wa Naziru farfesu. Ƙannensu mata suka riƙa zuwa daga Akurba da lemo da ayaba, suna tafiya a hankali kamar gidan mai jego. In Ashemi ya shigo da yamma, baƙin mai har gwiwar hannu, abin da Iya ke cewa shi ne, "Mai Inji, rage ƙarar mashin ɗin nan, Naziru ya samu barci."

Ya san ƙaninsa ba ƙarya yake ba. Shi ya goye shi yana jariri, shi ya saya masa takalmin makaranta na farko. Amma in ya ga kwanon farfesun ya wuce ta gabansa, sai wani abu ya taso masa daga ciki mai zafi. Bambancinsu kawai shi ne Naziru ya kwanta, shi kuwa yana tashi. Da ya kwanta ko na kwana uku, wa zai buɗe shago?

A mako na shida Naziru ya fara dawowa. Wata safiya Ashemi ya fito ya tarar da shi a bakin rijiya yana wanke takalmansa, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Iya na tsaye a ƙofar ɗaki tana share hawaye tana hamdala. Ashemi ma ya yi hamdala da baki. Ya hau mashin ya tafi shago, ranar ko ƙusa ɗaya bai ɗaura ba.

Washegari da hantsi ya dawo gida ɗaukar wani bel da ya manta. Naziru na wanka, ƙofar ɗakinsa a buɗe, farar robar maganin tana kan taga. Ashemi ya shiga, ya buɗe, ya zazzage ƙwaya biyu a tafin hannu. Ƙanana ne, ruwan ƙwai. Ya naɗe su a takardar rasit ya fita.

Bai sha ba. Ya sa su a gwangwanin da yake ajiye ƙananan noti a cikin akwatin kayan aiki. Kwana biyar yana buɗewa ya duba ya rufe. Wani lokaci tsoro ke hana shi, don bai san abin da za su yi masa ba. Wani lokaci kuma sai ya ce in ya sha bai ji komai ba fa? Ke nan ko magani ma ya zaɓi Naziru ya bar shi.

Ranar Talata yana baranda sai Sista Ngodoo ta leƙo ta kira shi. Ƙwayoyin na shimfiɗe a kan tire, fuskarta babu wasa. Ashe duk zuwa sai ta ƙirga abin da ya rage.

"Oga Ashemi, magani biyu bai nan. Ɗan'uwanka ya ce bai sha ƙari ba. Ni dole in sani. In ya sha fiye da ƙa'ida, likita zai duba shi yau, kuma wataƙila a cire shi."

"Wallahi Yaya, ɗaya nake sha," in ji Naziru. "Iya ce ma shaidata. Kada su cire ni, na fara jin daɗin jikina."

Ashemi ya dubi tiren. Na ɗan lokaci, kamar yadda ya faɗa daga baya, zuciyarsa ta ce masa ya yi shiru, a cire shi ɗin, su zama daidai. Wannan tunanin ne ya fi ba shi tsoro a duk abin da ya faru.

"Suna wurina," ya ce. "Suna shago. Ban sha ba."

Naziru ya buɗe baki. Sista Ngodoo ta ce masa ya ɗan jira a waje. Ta ja kujera kusa da Ashemi.

"Me ya sa ka ɗauka?"

Ya juya hularsa a hannu. "Sista, tambayoyin nan da kike masa. Ni ba wanda ya taɓa yi mini su."

Ba ta yi masa faɗa ba, ko da yake ta ce dole ta rubuta abin da ya faru, kuma ya je ya kawo ƙwayoyin yanzu. Da ya dawo da su ta ɗauko sabon fom ta yi masa tambayoyin nan tara, ɗaya bayan ɗaya. Likita ya gan shi a ranar. Ya ce ciwon ɗaya ne, nasa ma ya fi daɗewa. Ya ce har ƙarshen wata suna ɗaukar mutane a binciken, in yana so a duba ko ya dace. In kuma ba ya so, akwai asibitin ranar Alhamis, inda ake ba da maganin da aka daɗe da sani.

A hanyar gida, da suka kusa layinsu, Naziru ya yi magana daga bayan mashin.

"Yaya, me ya hana ka gaya mini?"

"In gaya maka me? Kana kwance."

"Ka shiga mana. Sai mu riƙa zuwa tare."

Ashemi ya karya kan mashin ya shiga layinsu.

Matarsa Rabi'a ta karanta takardar shiga binciken da aka ba shi sau biyu, don ta fi shi turanci. Ta ce ita ta daɗe da ganin ya canza, ta zaci wata yake nema. Ya yi dariya, karo na farko cikin watanni. Amma da ya je wa Iya da maganar bayan la'asar, tana tsince shinkafa, sai ta ɗago ta dube shi da mamaki.

"Kai ma? Haba Mai Inji. Kai da ba ka taɓa ba ni wahala ba tun kana yaro? Kada ka sa wa kanka abin da babu. Ka bar ni in ji da guda ɗaya."

Ta faɗa ne da nufin yabo, ya san haka. Ya tashi ya fita duk da haka, bai ci abincin gidan ba sai washegari.

Kwana tara takardar na aljihunsa. Yana son shiga, ba don sabon maganin kaɗai ba. Yana son wayar tsakiyar mako, da fayil mai sunansa, da wanda zai auna shi ya rubuta. Ranar Talata ta gaba ya samu Sista Ngodoo bayan ta sallami Naziru.

"Sista, in na shiga, irin nasa za a ba ni?"

"Ban sani ba. Na'ura ne zai zaɓa."

"Shi na gaske aka ba shi, ko? Ai ga shi ya warware."

"Wannan ma ban sani ba, Oga. Wasu suna samun sauƙi ko da babu magani a ciki. Sai an gama duka kafin a buɗe."

Ya koma shago ya zauna da maganar. Ya ga kansa mako goma sha biyu yana haɗiyar ƙwaya yana leƙen fuskar Naziru. In bai ji sauƙi ba zai ce an ba ƙaninsa na gaske an ba shi fanko. In ya ji jiri zai ce shi aka ba mai illa. Ya riga ya shiga ɗakin yaron sau ɗaya ya ɗauki abin da ba nasa ba, kuma ya ji abin da zuciyarsa ta raɗa masa a gaban tiren nan. Bai yarda da kansa ba.

Ya mayar da takardar babu sa hannu. Ya ce wa Sista Ngodoo binciken abu ne mai kyau, amma shi a gida ɗaya da wanda ke ciki ba zai iya ba. Ta karɓa, ta raka shi da kanta wurin yankar katin Alhamis.

Nasa sauƙin bai zo da wuri ba. Maganin farko ya sa shi kasala, har ya kusa yanke yatsa a bel ɗin inji, likita ya canza masa wani. A layin Alhamis mutum kan yi awa uku kafin a kira shi, kuma ba mai bugo waya. Naziru ya gama makonninsa goma sha biyu, ya koma gonar kaji, ya yi ƙiba. Ashemi sai da rani ya yi nisa kafin wata rana ya lura ya cinye sakwarar da Rabi'a ta kawo masa shago har ya tambaya ko da saura.

Bana Naziru ya samu yarinya a Akurba, Rahmat, malamar firamare. Ashemi ne ya jagoranci masu neman auren, tunda shi ne a madadin uba. Suna zaune a kan tabarma sai kawun yarinyar ya ce sun ji labarin rashin lafiyar yaron, sun kuma ji yadda ya jure ya nemi magani, irin wannan jarumin suke so. Kowa ya gyaɗa kai. Ashemi ya ji zafin nan ya motsa, ƙarami, a inda ya saba.

Ya bari ya lafa. Sannan ya gyara zama, ya ce haka ne, yaron mai haƙuri ne, shi ya rene shi, ya san halinsa. Ya tura goron gaban kawun, ya roƙi a sa musu rana bayan an girbe doya.