Fatihar da Na Ɗaure Mijina da Ita

A lokacin ni matar gida ce mai 'ya'ya biyu a wani ɗan ƙaramin gida a unguwar Mansura, can ƙasar Larabawa inda muke zaman aiki, mai saurin kuka da saurin yarda da duk wanda ya ambaci Allah. Maigidana injiniya ne a wani ƙaramin kamfanin gini. Ana shiga korona ya nemi ya sauya wurin aiki, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya hana shi takardar sakin ma'aikaci, wadda sai da ita ake sauya aiki, ya kuma yi barazanar kai ƙara cewa ya gudu daga aiki. Sai wani dattijo ɗan garinmu, mai gemu fari fat da carbi har gwiwa, ya shiga tsakani. Aka yi sulhu: kafil ya janye maganar ƙara, maigidana kuma zai zauna shekara uku ba neman wani aiki. Ya sa hannu, dattijon ya shafa Fatiha a falonmu, ni na soya musu waina.

Bayan 'yan watanni gwamnati ta soke takardar sakin gaba ɗaya. Ana ta ɗibar injiniyoyi aikin filayen ƙwallo na gasar cin kofin duniya, aka kira maigidana. Ya shigo yana murna, ya ce tunda an soke abin da aka yi sulhun a kansa, takardar sulhun ma ta mutu. Ni na tare shi. Na kira dattijon, ya ce doka ta mutane ce, Fatiha ta Allah ce, wanda ya karya ta ba zai ga albarka a 'ya'yansa ba. Na yi ta kuka har maigidana ya ce, “Khalas, shi ke nan, Maman Yara, na haƙura.”

Sai da aka gama gasar, a wajen wani suna a unguwar Madinat Khalifa, matar wani likita ta ji labarin ta riƙe baki. Ta ce ƙaninta ya yi irin wannan sulhun, ofishin ƙwadago suka ce takardar ba ta ɗaure kowa, a watan ya sauya aiki. Ta ƙara da cewa dattijon namu ai shi ke kawo wa kafil ɗin ma'aikata, kuma tun ranar da aka sauya dokar ya sani.

Har yanzu yana nan, sahun gaba a masallaci, ana ce masa Baba. Rannan ya turo gaisuwa wai yaya yara. Ko amsa ban ba shi ba. Mutumin da ya mai da Fatiha igiyar ɗaure 'yan'uwansa bai kai in ɓata masa yawuna ba.

Maigidana bai taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi cina ke nan. 'Yan'uwana mata, cika alkawari ibada ne, amma kafin ku tsare miji da hawaye, ku tambayi malamin da ba ya cin abinci a hannun kafil, ku tambayi masu sanin doka. Ni gemu na duba, ban duba wanda ke ciyar da mai gemun ba.