Fayil ɗina a durowar Hajiya Asabe

Da safen nan labarin ya iso mini. Ina tsaye a kicin, ruwan shayi na kan wuta, maigidana ya leƙo da waya a hannu ya ce, "Hajiya Asabe ta ofishin rajistara ta rasu." Na kashe wutar na zauna a ƙasa.

Ba 'yar'uwata ba ce, ba ta taɓa koyar da ni ba. Ita ce ke haɗa takardun da ake shigarwa gaban majalisar gudanarwa ta jami'ar da na yi digiri. Duk wanda za a ɗauka aiki, malami ne ko ma'aikacin ofis, sai fayil ɗinsa ya bi ta teburinta.

Ranar da na fara ganinta, watana biyu da aure. Na nemi aikin ƙaramar malama a sashen Hausa, an yi mana intabiyu mu uku, sashe ya amince da mu. Ni a raina na riga na zama malama, har mayafin da zan yafa ranar farko a aji na zaɓa. Sai ga kira, wai in zo ofishinta.

Na shiga, lalle bai gama fita daga hannuna ba, littafin soyayyar da nake karantawa ya leƙo daga jaka. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ɗora yatsa kan fom ɗin da na cike.

"Amarya, sunan wa ke bayan naki a nan?"

"Na maigidana ne, Hajiya."

Ta jawo takardar digirina. "Nan fa?"

"Na babana."

"Madalla. Mata biyu ke nan a fayil guda. Wace za mu ɗauka aiki a cikinku?"

Duk takardun karatuna da sunan babana suke. Ni kuwa ɗokin amarci ya kwashe ni, na tuna yadda 'yan matan littattafaina ke jera sunansu da na angonsu, na rubuta nasa har da ƙawata rubutun.

Ta juya bayan wani ambulan ta zana mini matakala huɗu: sashe, tsangaya, kwamitin ɗaukar ma'aikata, sai majalisa a can sama. Ta ce, "Waɗanda ke sama ba su taɓa ganin fuskarki ba, ɗiyata, takarda suke gani. In suka ga suna biyu ba faɗa za su yi ba. 'A jinkirta' za su rubuta, su wuce na gaba. Kuma ba kullum suke zama ba, sai an kwashe watanni."

A lokacin an riga an rufe jerin sunayen wancan zaman. Ta ce in cike sabon fom, in kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa sunayen biyu duk ni ce, a shigar da ni a zama na gaba.

Na yi kuka a ofishinta. Ta bar ni na gama, ta zuba mini kunun aya a murfin fulas ɗinta. Da zan fita ta zare littafin daga jakata. "Wannan na wurina. Ranar da kika kawo fom ki karɓa."

Saura mini babi uku in ƙare shi.

Ban koma ba. Sauran biyun suka karɓi takardunsu na ɗaukar aiki, ni kunya ta zaunar da ni a ɗaki. Maigidana ya yi magana har ya gaji. Sau uku Hajiya na kirana, ina kallon wayar har ta katse.

Ganinmu na ƙarshe a Ƙofar Kwaya ne, ina jiran napep. Na hango ta na sunkuyar da kai, amma ina!

"Amarya mai suna biyu! Zo nan, maras kirki."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi maigida, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Na karance littafinki. Yarinyar ta cika kuka kamar ke. Ƙarshen kuwa ba ki ji daga bakina." Sai ta bar wasa. "Sashe bai janye sunanki ba. Majalisa za ta zauna bayan Sallah. In wannan ya wuce ki, ban san mi za a yi da gurbin ba."

Na ce zan zo, in sha Allah.

Ta ce, "Ina nan. Ni ina zan je?"

Yau na je gaisuwa gidansu a Gobarau. Anti Jummai, wadda suke ofis ɗaya, ta gane ni ta ja ni gefe. Ta ce a ƙa'ida, fayil ɗin da aka jinkirta ma'ajiya ake mayar da shi, amma Hajiya ta hana a taɓa nawa. Yana durowarta ta ƙasa, littafina a kai, da 'yar takarda da ta rubuta da fensir: "A jira ta."

Ranar Alhamis za a rufe jerin sunayen wannan zaman.

Hajiya, da zan samu kira ɗaya cikin ukun nan ya dawo, wallahi kafin ya yi ƙara sau biyu na ɗauka.

Ya Allah, baiwarka Asabe ta tsare amanar takardun mutanen da ba ta haɗa komai da su ba. Ka ba ta nata littafin a hannun dama, Ka yalwata mata makwanci, Ka yafe mata kurakuranta, Ka sanyaya zukatan 'ya'yanta. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce bai yi mata addu'a ba.

Ranar Litinin da safe zan je kotu, daga can in wuce ofishinta da sabon fom, da sunan babana.